Daƙiƙa Biyu

A Dundee, ƙarfe huɗu na yamma dare ya riga ya shigo aji,
kogin Tay ya yi baƙi kamar gindin tukunya.
Ni da tebur mai fitila a cikinsa,
da takardu masu huda uku,
da fensirin da na cinye rabinsa da haƙori.

Makon farko ƙwallo aka ba mu.
Ta faɗo, ta baje, ta miƙe, ta tashi.
Tawa ta faɗo kamar curin fura,
ta zauna inda ta faɗi.
Malama Morag ta ɗaga tabarau:
"Komai yana da nauyi, Kubura.
Nemo nauyin, motsi zai biyo ki."

Sai buhun fulawa.
Ba ido, ba baki, kusurwa huɗu kawai,
wai in sa shi ya ji kunya.
Kwana tara ina fama.
Ran na goma ya sauke kafaɗa,
ya ja da baya kamar yaron da ya fasa tulu,
ni kuwa na ce masa "yi haƙuri",
a fili, da Hausa,
har Ewan ya cire abin kunnensa ya waiwayo.

Zane goma sha biyu, daƙiƙa guda.
Nan na gane kafin mutum ya miƙe sai ya duƙa,
kafin hannu ya yi gaba sai ya koma baya,
riga kuma tana isowa ne bayan mai ita ya tsaya.

Da aka zo kan tafiya na zana mutum,
dama, hagu, daidai wa daida.
Malama ta kaɗa takardun da babban yatsa,
ta sake kaɗawa.
"Babu kuskure," in ji ta. "Amma tafiyar wa ce?
Ba mai tafiya haka sai agogo."

Na koma tashar bas ina satar ƙafafun mutane:
tsohuwar da kare ke ja,
ɗan makaranta da jaka ta fi ƙarfinsa,
mai tura keken jariri yana kokawa da iska.
Duk na zana. Duk baƙi ne.

Daren Laraba, injin ɗumama ɗaki yana ta tari,
hannuna ya tafi ba da izinina ba.
Ƙafar hagu ta makara.
Ta ja ƙasa kaɗan, kafaɗar dama ta biya mata bashi,
kai ya karkata kamar mai sauraren rediyon da ke shashshaka.
Na ajiye fensir.
Baba ne,
yana dawowa daga rumfar gyaran rediyo a Funtuwa,
da ƙafar da babur ya taɓa tun ban san kaina ba.
Shekara shida da binne shi.
Hotunansa uku muke da su, duk a tsaye yake ƙiƙam.

Ban ce na busa rai ba.
Rai na Mai Rai ne.
Ni abin da ido ya ajiye na tono,
takarda ashirin da huɗu, daƙiƙa biyu,
yana isa bakin takarda ya sake farowa.

Na tura wa Inna ta waya, ban rubuta komai ba.
Asuba saƙon murya ya shigo.
Farkonsa shiru, sai zakaran maƙwabta,
sai numfashi.
Sannan ta ce:
"Kin manta hannun.
In zai taka da ta hagun, yakan dafa aljihu,
wurin da sukudireba take."

Ruwa na dukan taga.
Na fere fensir,
na ciro takarda ta bakwai.